Basarake, Attajiri ko Hakimi: Me Za Mu Kira Waɗanda Suka Kafa Olamfik?

Wani malamin makaranta daga Zariya ya aiko da tambaya cewa ya ji an kira Pierre de Coubertin, mutumin Faransa da ya farfaɗo da wasannin Olamfik, da sunan basarake, ya kuma karanta inda aka ce masa attajiri, wani wurin ma hakimi, yana son sanin wanne ne daidai. Malam, kalmomin nan uku ba ɗaki ɗaya suke kwana ba, kuma wanda ya haɗa su ya ɓata labarin.

Attajiri kalma ce da muka aro daga Larabci, asalinta ɗan kasuwa, ita kuwa dukiyar Coubertin ta gado ce, kuma a hidimar wasanni ya ƙarar da ita kafin rasuwarsa a 1937. Hakimi kuma shi ne mai ƙasa, wanda dagatai da masu unguwanni suke ƙarƙashinsa. Lokacin da aka kafa Kwamitin Olamfik na Duniya a jami'ar Sorbonne da ke Paris, ranar 23 ga Yuni, 1894, Faransa jamhuriya ce, saboda haka laƙabinsa na baron, wato wani laƙabin sarauta na Turai, bai ba shi ikon ko ƙauye ɗaya ba. Basarake ya fi kusa, amma ni na fi son a ce jinin sarauta, domin wannan ne ke nuna mutumin da ya gaji suna da martaba da sanayya a gidajen manya, ko da babu mulki a hannunsa. Da wannan sanayya ya tara mutanensa na farko, cikinsu har da Lord Ampthill na Ingila, kodayake shugaban farko, Demetrios Vikelas na Girka, marubuci ne da ya fito daga gidan 'yan kasuwa.

A nan ne nake roƙon masu fassara su kula da wata kalma, wato zaɓe. Ƙasashe ba su ne ke tura wakilai kwamitin ba. Waɗanda ke ciki ne suke duba wanda ya kwanta musu a rai su jawo shi, ya zama wakilin kwamitin a ƙasarsa, a wancan zamani kuwa har iya rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ga an zaunar da mutum a kan tabarma, an naɗa masa rawani, an yafa masa alkyabba, ya san cewa wannan ya fi kama da naɗi. Ta wannan hanya kujerar shugabanci ta daɗe a hannun masu laƙabi: Coubertin daga 1896 zuwa 1925, sai Henri de Baillet-Latour, jinin sarautar Beljiyam, har zuwa 1942. Ko da aka waiwayo Najeriya a 1963, wanda aka ɗauka shi ne Sir Adetokunbo Ademola, babban alƙali kuma ɗan Alake na Egba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambayi ma'anar karin maganar nan, tuwon girma miyarsa nama, da ko ta dace da waɗannan mutane. Malama, ta dace ƙwarai. Ma'anarta ita ce girma ba ya tabbata da baki kawai, sai mai shi ya sa hannu a aljihu, kamar yadda maigida ba ya fitar wa manyan baƙi tuwo da miya lami. 'Yan kwamitin farko da kuɗinsu suke hawa jirgin ƙasa da na ruwa zuwa taro, su kama masauki, babu albashi. Wannan abin yabo ne, kuma ban ga dalilin rage musu shi ba. Sai dai karin maganar tana da ɗaya fuskar, domin wanda ba shi da kuɗin naman ba ya zama a gaban akushin.

Daga nan ne dokarsu mafi tsanani a wancan zamani ta fito, cewa wanda ya taɓa karɓar kuɗi don wasa ba ya shiga gasa. Na sha ganin an fassara irin ɗan wasan da suke so, wanda ake kira amateur da Turanci, da ɗan koyo, wannan kuwa kuskure ne da ke ci mini rai. Lord Burghley, wanda ya ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 400 a Amsterdam a 1928, daga baya ya shugabanci hukumar guje-guje ta duniya daga 1946 zuwa 1976, ba koyo yake yi ba. Abin da ake nufi shi ne mai wasa don sha'awa, kishiyar wanda ya riƙe wasa sana'a. Mai gadon dukiya yana da sukunin yin atisaye ba tare da neman sisin kowa ba, leburan da ke ciyar da iyali kuwa ba shi da wannan sukuni, har ma masu tseren kwale-kwale a Ingila sun rubuta a dokarsu cewa mai aikin hannu ba ya shiga cikinsu. Jim Thorpe na Amurka ya ci zinare biyu a Stockholm a 1912, aka ƙwace su a 1913 saboda ya taɓa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wasan besbol, kuma ba a amince a mayar masa da su ba sai a 1982, shekara 29 bayan rasuwarsa.