Shin bulokcen zai nuna gonar da buhun wake ya fito?

Tambaya: Malam, ina harkar wake da riɗi a kasuwar Dawanau. Wani ya ce mini idan muka sa kayanmu a bulokcen, Turawa za su san gonar da kowane buhu ya fito, su daina dawo mana da kaya. Haka abin yake?

Amsa: Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an ƙara mata gishiri. Bulokcen littafin ajiyar bayanai ne da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, don haka ba mai iya goge abin da aka rubuta ba tare da an gane ba. Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada shi tare da kamfanin kwamfuta na IBM a kan mangwaro, gano gonar da ya fito ya sauko daga kusan kwana bakwai zuwa daƙiƙa 2.2.

Sai dai rubutu kawai littafin ke tsarewa. Idan dillali ya zuba wa wake fiya-fiya ya rubuta cewa bai sa komai ba, ƙaryar za ta zauna daram, har ma ta samu hatimi. Ka tuna yawan maganin ƙwari na DDVP ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a ɗakin gwaji aka gano shi.

Babbar matsalar ma ka fi ni saninta. Ranar kasuwar ƙauye manomi ashirin za su zo, wannan da tiya biyar, wancan da tiya goma, a juye su buhu ɗaya. Ya iso Dawanau a zazzage, a sheƙe, a haɗa da na wani gari, a ɗinke a sabon buhu. To lambar wace gona za a liƙa masa? Sannan wa zai tsaya shigar da bayani a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, kuma wa zai biya shi?

Akwai kuma rowar sirri. Ba ɗan kasuwar da ke son abokin gasarsa ya san inda yake sari. Manya ma sun yi tuntuɓe a nan: kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM sun sanar da rufe tsarinsu na bulokcen mai suna TradeLens a ƙarshen 2022, saboda ba su samu haɗin kan sauran masu jiragen ruwa yadda suke buƙata ba.

Da ni ne kai, da ƙasa zan fara. Ka ware kayan kowane yanki, ka ba kowane lodi lamba, ka rubuta ranar saye da wanda ya kawo, ko da a littafin makaranta ne. Ka adana wake a buhun PICS, mai hana iska shiga, da ba ya buƙatar magani, ka kai samfuri gwaji kafin lodi. In wanda ya yi maka tallar bulokcen ɗin ya dawo, ka tambaye shi wa zai duba buhun da idonsa kafin a danna waya.