Shin Kadinal ya fi Bishop iko a Katolika?

Dan uwa ka tambaya ko Kadinal zai iya ba Bishop umarni, to gaskiya a'a. Matakan nadin limaman cocin uku ne kawai, dikon, fada, sai bishop, babu Kadinal a ciki, shi kansa Fafaroma ai bishop din Roma ne. Kadinal mukami ne da Fafaroma ke bayarwa, babban aikinsu ba shi shawara da zaben sabon Fafaroma, zaben ma sai Kadinal din da bai kai shekara 80 ba ke jefa kuri'a. Kowane bishop shi ke rike da dayosis dinsa, wato yankin coci-cocin da ke karkashinsa, kaga Bishop Kukah na Sokoto yana cikin lardin cocin Kaduna amma Akbishop (babban bishop) na Kaduna ba zai canza masa fada ko daya ba, wanda ke sama da shi Fafaroma ne. In bishop ya kai shekara 75 kuma sai ya mika takardar murabus.