Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum kujerar shugaban ƙasa

Malam, kana tambaya ko wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke zama shugaban Najeriya kai tsaye. A'a. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai ya haɗa da kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi 36 da Abuja, in ba haka ba a tafi zagaye na biyu.

Shi ya sa muke ganin ɗan takara yana shan wahalar kamfe a jihar da ya san ba zai ci ba, rubu'in nan yake farauta. A 2023 ma a kan Abuja aka ja daga, don Tinubu bai kai kashi 25 a can ba, amma Kotun Ƙoli ta ce Abuja ba ta da fifiko a kan sauran jihohi.