Tambayi Daktora: Ina karatun likita, amma Babana ya ƙi jin maganata kan shinkafa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Daktora, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce, shekarata ta huɗu kenan a karatun likita anan Jidda amma gidanmu a Makka yake. Babanmu yana da ciwon sukari shekara tara ga kuma hawan jini, tarakuminshi (wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku) na ƙarshe ya haura 9. Duk ranar Alhamis in naje gida sai nace Baba dan Allah a rage shinkafa a dinga ɗan tafiya, sai yayi dariya yace "to likita" ya cigaba da cin kabsarshi. A makaranta wallahi zan iya jero miki magungunan sukari da yadda kowanne ke aiki, amma maganar abinci da motsa jiki lacca biyu ko uku aka yi mana aka wuce. Yanzu naji ana ta zancen wani fanni na jinya ta hanyar gyara salon rayuwa, ƙawata tace ɓata lokaci ne, aikin masu ilimin abinci ne ba na likita ba. Da gaske ilimi ne? Kuma ya zanyi da Baba?
Daga wata 'yarki a Makka

AMSA: Wa alaikis salam 'yata, Allah ya bada sa'ar karatu, ya baiwa Baba lafiya. Dariya nayi da na karanta "to likita" ɗin nan don nima ansha faɗa min ita, kuma duk wanda yace miki haka to ki sani bai da niyyar yi.

Bari in fara da ƙawarki. Ki ce mata taje ta nemo binciken da aka fitar a Amurka a 2002 kan rigakafin sukari. Mutum 3,234 aka ɗauka waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka kasa su uku, wasu aka basu metformin wato munazzim ɗin da kowa ya sani anan, wasu aka basu ƙwayar da ba magani a ciki, wasu kuma aka ɗora su kan tsari: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jikinsu, su yi tafiya da ɗan sauri ta minti 150 a sati. Bayan kusan shekara uku, masu munazzim haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31, masu tsarin rayuwa kuwa kashi 58, a cikin waɗanda suka kai shekara 60 ma har kashi 71. Da ace wani kamfani ne ya fito da ƙwaya mai wannan sakamakon da yanzu kin haddace sunanta don jarabawa.

Amma abinda mutane ke tsallakewa in suna kawo wannan binciken shine, waɗancan mutanen ba ce musu akayi "ku rage ci ku motsa jiki" aka sallame su ba. Darasi 16 aka zauna aka yi da kowa, da mai bibiyarshi, ana auna shi ana duba abinda yaci. To ke kuma abinda kike yiwa Baba, kiyi haƙuri 'yata, daidai yake da ki miƙawa mara lafiya takarda kin rubuta "asha magani", ba suna ba adadi ba lokaci. Kuma ba laifinki bane, haka aka koyar damu duka. Ko a Amurkan tun 1985 masanansu suka ce a bawa ɗalibin likita aƙalla awa 25 na ilimin abinci, da aka zo aka ƙirga bayan shekaru sai aka tarar yawancin makarantu basa kaiwa, matsakaici wajen awa 19 ne a duk shekara huɗun. Wannan giɓin ne yasa likitoci suka kafa ƙungiyar wannan fanni a can a 2004, suka tsaya kan abubuwa shida, abinci da motsa jiki da barci da damuwa da barin taba da makamantanta, sai kuma zumunci da mutane. A 2012 jami'ar Tulane ta buɗe kicin na koyarwa don ɗaliban likita, wato a sa miki ƙyallen girki a baki wuƙa da tukunya ki dafa abinda zaki ce mara lafiya yaci. Ni dai da za'a tambayeni, wannan kicin ɗin yafi lacca goma.

Mu kuma anan Saudiyya mun fi su buƙata. A cikin manya kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida na ɗauke da sukari, kije kowane mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da safe ki ga layin. Gwamnati ta ɗan taɓuka nata, a 2017 ta sa harajin kashi 50 kan lemon kwalba da kashi 100 kan taba da lemukan ƙarin kuzari, a 2019 kuma aka tilasta gidajen abinci su rubuta kalori a jikin jerin abincinsu. To amma haraji baya shiga cikin faranti, kuma Baba baya karanta kalori.

Yanzu ga aikin da zan baki, ki ɗauke shi kamar darasi. Alhamis mai zuwa kar ki ce mishi komai. Ki zauna ki kalla kawai, ki rubuta. Me yake karyawa dashi, burodin tamis guda ne ko rabi, waken ful ɗin da mai nawa? Shayi kofi nawa a rana kuma cokali nawa na sukari a kowanne? Nasan wani dattijo da ya rantse min baya shan zaƙi kwata kwata, da muka ƙirga shayinshi daga asuba zuwa bayan isha'i kofi takwas ne kowanne cokali biyu, shi a wurinshi zaƙi shine baƙlawa da kunafa. Gwangwanin lemo ɗaya na 330 kuwa kusan cokalin shayi tara na sukari ke ciki. Ki duba dabino nawa yake ci da gahawa, ki duba ƙarfe nawa ake cin abincin dare, don mu nan sai sha ɗaya ko sha biyu ake sauke faranti a ci a kwanta a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kiji ko yana minshari har numfashi na ɗaukewa, wannan kaɗai na iya hana hawan jini sauka. Sannan abu mafi girma, wa ke girkin? In Mama ce ke dafawa kuma faranti ɗaya ake ci da yara da baƙi, to da Mama zaki fara shawara, babu dattijon da zai yarda a ware mishi ɗan kwano a gefe kamar wanda aka yiwa horo alhali kowa na cin mandi.

In kin gama kallon sai ki tambaye shi, tambaya fa ba wa'azi ba. Baba meye yafi damunka game da ciwon nan? Wataƙila yace ido, wataƙila yace yaga abokinshi an yanke mishi ƙafa, ko yace shi dai kar a kaishi ga wankin ƙoda. Daga bakinshi dalilin zai fito. Wannan salon hirar ma ilimi ne mai zaman kanshi da ake koyarwa, asalinshi don masu fama da shan giya aka tsara shi a farkon shekarun 1980, daga baya aka ga yana aiki ga sauran cutuka. Kuma ki tuna ke 'yarshi ce, shi ya goya ki, in kika zo mishi da muryar asibiti ya riga ya toshe kunne. Ki ce Baba taimaka min zakayi, aikin makaranta aka bani. Dattijo zai yiwa 'yarshi alfarmar da bazai yiwa likita ba.

Sai ku zaɓi abu ɗaya tak. Misali shayi ya koma cokali ɗaya na sati biyu, ko kuma a fara cin salata da nama kafin hannu ya kai ga shinkafa, ko tafiyar minti goma bayan abincin dare. Nasan zai ce zafi, kuma gaskiyarshi, Makka da rani sai ta haura 40, amma akwai bayan asuba akwai bayan isha'i, akwai masallacin da yafi na ƙofar gida nisa kaɗan. In yace ƙafarshi bazata iya ba ki tuna mishi sa'ayin umararshi ta ƙarshe, Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita 3 kuma bai nemi keke ba. Hadisin nan na kasa ciki uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, ya fi ki saninshi, barshi shi ya kawo miki. Kuma ba sai ya koma cin abincin Turawa ba, miyar kuka da kuɓewa da wake da zogale duk namu ne, malmalar tuwon ce ke buƙatar ragi.

Abu biyu kar ki manta. In yana kan insulin ko irin su gliclazide, rage ci da ƙara tafiya na iya faɗar da sukari, don haka likitanshi ya sani tukuna, ya dinga aunawa, ya riƙe dabino uku a aljihu saboda rawar jiki da gumi. Sannan ki duba tafin ƙafarshi da idonki, kar ya taka waje ba takalmi ko da takalminshi ya ɓata a Harami. Kuma kar ki mishi alƙawarin warkewa. Zaki ji labarin binciken Birtaniya na 2017 inda kashi 46 sukarinsu ya koma daidai ba magani bayan shekara ɗaya, gaskiya ne, amma waɗanda ciwonsu bai wuce shekara shida ba aka ɗauka, kuma basa kan insulin, kuma wata uku zuwa biyar suka yi kan abincin ruwa na kalori wajen 850 a rana ƙarƙashin kulawa. Baba shekara tara ne. Abinda zaku nema shine tarakumi ya sauko daga 9, ku sake gwaji bayan wata uku ki rubuto min.

TAMBAYA: Salam Daktora. Ni direba ne a Jidda, ina da hawan jini. Yaron maƙocina mai karatun likita yace in mutum ya gyara cinshi zai iya rabuwa da ƙwaya, to sati biyu kenan na ajiye tawa ina shan zoɓo safe da yamma kuma bana jin komai. Nayi daidai?
Daga wani ɗan uwanki a Jidda

AMSA: Malam baka yi daidai ba, yau ɗin nan ka koma kan maganinka kaje a auna ka. Hawan jini ai dama ba'a jinshi, wasu sai ranar da ɓarin jiki ya shanye suke sani. Yaron rabin darasi ya baka, ana iya rage magani amma likita ne ke ragewa bayan yaga awo ya sauka ya zauna. Zoɓo na ɗan saukar da jini kaɗan, kasha abinka in ba sukari, amma baya maye gurbin ƙwaya. Inda zaka fi samun riba shine gishiri, hukumar lafiya ta duniya tace kar ya kai giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da yajin tsire da zaitun da cuku da soyayyar kazar burost ta kan hanya. Ka sayi na'urar awo ta dantse a kantin magani, ka auna safe da dare na sati ɗaya ka rubuta a takarda, ita zaka kaiwa likitanka.