Tambaya da Amsa: Wai shi Lowry ɗin nan ya iya zane kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam. Na ga labarin wani zanen Baturen Ingila L.S. Lowry da aka sayar fam miliyan bakwai da wani abu, da na duba sai na ga mutane sirara kamar tsinken ashana, wallahi kamar yaro ne ya zana. Wai ya iya kuwa ko suna ne kawai? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Zanen da kika gani shi ne Going to the Match na 1953, jama'a suna tururuwa zuwa filin ƙwallon Bolton Wanderers, kuma a 2022 gidan zane-zanen garin Salford, kusa da Manchesta, mai ɗauke da sunansa ne ya saye shi fam miliyan 7.8 don kada ya bar garin.

Ya iya mana, sosai ma. Shekara da shekaru ya yi yana zuwa makarantar zane da yamma a Manchesta da Salford. Ki nemi zanen kan wani mutum mai jajayen idanu da ya zana a 1938, lokacin mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya shi ke jinyarta, sai ta yi barci cikin dare sannan ya ɗauki burushi, idon nan in kika kalla sai tsigar jikinki ta tashi, gajiya da ƙunci duk suna ciki. Shekara na zagayowa mahaifiyar ta rasu. Akwai kuma hoton wata mace da ya kira Ann na 1957, fuska a natse, gashi baƙi wuluk an ja shi baya.

To me ya sa mutanen titinsa suke haka? Ni a ganina aikinsa ne ya jawo. A 1909 rashin kuɗi ya sa iyayensa suka koma Pendlebury, unguwar masaƙun auduga da hayaƙi, da farko ma ƙin wurin ya yi. Daga 1910 har 1952 kuɗin haya yake karɓa wa wani kamfani, kullum a ƙafa, gida-gida, lungu-lungu, yana ganin leburori sun fito daga masaƙa kai a sunkuye kowa na sauri. Wanda ya tsaya a bakin titi lokacin tashi daga aiki ai ba fuska yake gani ba, tafiya yake gani da yadda kowa ya ranƙwafa, kuma abin da ya zana kenan, taro cike da mutane amma kowa shi kaɗai. Kala biyar kacal yake amfani da su, fari, baƙi, ja, shuɗi da ruwan ƙasa-ƙasa, samansa kuma galibi fari fat kamar hazo.

Abin da ya fi burge ni, yawancin masu zane na zamaninsa ba su ɗauki waɗannan unguwannin a matsayin abin zanawa ba, shi ya tsaya a kansu. A 1968 aka so ba shi sarautar Sir ya ce a'a. Ya rasu a 1976, gidan da na ambata kuma an buɗe shi a 2000, nan ne aka tara ayyukansa mafi yawa.