Kiɗan rok a coci: na Shaiɗan ne ko ana iya yabon Allah da shi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne daga Kafanchan, ina kaɗa jita a ƙungiyar matasan cocinmu kuma ina rubuta waƙoƙi. Na yi wata waƙa da salon rok, bayan sujada sai wani dattijon ikilisiya ya kira ni ya ce wannan kiɗan duniya ne, asalinsa na Shaiɗan ne, wai kuma ko sunan Yesu bai ji sosai a ciki ba. Da gaske ne maganarsa? Kuma dole ne sai waƙa ta ambaci sunan Yesu kafin ta zama ta bangaskiya?

Amsa: Sannu ƙanena, na ji daɗin tambayarka sosai. Maganar da Baba dattijo ya yi maka an shafe sama da shekara 50 ana yin ta a Amurka inda wannan kiɗan ya fito, saboda haka kada ka ɗauka kai kaɗai aka sa wa ido.

Bari mu fara da asali tunda nan ya kama. Kiɗan rok ya tsiro ne a Amurka wajen shekarun 1950, daga kiɗan bulus na baƙaƙen fata da kiɗan ƙauye na Turawan kudu da kuma waƙoƙin coci, kuma wannan na ukun shi ne mutane ke mantawa. Akwai wata mata Sister Rosetta Tharpe, an haife ta a 1915, a cocin Fentikos ta tashi tana bin uwarta yawon wa'azi, ita ce tun shekarun 1940 take rataya jitar lantarki tana waƙar bishara da irin bugun da daga baya aka sa wa suna rok, kuma manyan mawaƙa irin su Elvis Presley da Little Richard da Johnny Cash duk sun sha daga gare ta. Elvis kansa a cocin Assemblies of God ya girma. To ka ga idan asali za a bi, ƙafa ɗaya ta wannan kiɗan a cikin coci take.

Rok na Kirista da sunansa kuwa ya fara ne ƙarshen shekarun 1960 a Kalifoniya, lokacin da samari masu dogon gashi da suka gaji da ƙwaya da yawon banza suka riƙa tuba suna cika coci irin Calvary Chapel ta Fasto Chuck Smith, suka shigo da jitocinsu don shi ne yaren da suka iya. Mawaƙi Larry Norman ya fitar da albam ɗinsa Upon This Rock a 1969, shi da yawa ke kira na farko a wannan fanni, kuma shagunan littattafan Kirista da dama sun ƙi sayar da kayansa. A 1972 aka yi babban taron matasa na Explo a Dalas, Billy Graham ya yi wa'azi, Norman ya hau dandali ya yi waƙa, a shekarar ce kuma aka kafa Petra, ƙungiyar rok ta Kirista. Sai ƙungiyar Stryper a shekarun 1980, masu sa kaya rawaya da baƙi suna jefa wa 'yan kallo Littafi Mai Tsarki daga kan dandali, sunansu ma daga kalmar Turanci "stripes", wato raunukan bulala, da ke Ishaya 53:5 suka ɗauko shi. Mai wa'azin talabijin Jimmy Swaggart ya yi musu ca har ya rubuta littafi a 1987 yana sukar irin kiɗan, alhali wa da ƙanen da suka kafa ƙungiyar Stryper ta wa'azinsa iyalinsu suka karɓi bishara.

Akwai hujja ɗaya da aka yi ta yaɗawa a lokacin wadda gaskiya tana min ciwo, wai bugun gangar rok daga Afirka ya zo kuma gangunan Afirka na kiran aljanu ne. Mu fa ake nufi. Irin tunanin nan ne ya sa a wurare da yawa mishanarin farko suka hana kakanninmu shiga coci da gangunansu, yau kuma ka je ka ga zumuntar mata ranar Lahadi da tulunsu da gangarsu suna rawa suna yabo, wa zai tashi ya ce musu aljanu suke kira? Zabura 150 ta lissafa ƙaho da molo da garaya da ganga da kuge masu ƙara, kuma babu inda Littafi Mai Tsarki ya ware wani bugu ya ce wannan haramun ne.

Amma kada ka yi saurin cewa Baba bai san komai ba, akwai gaskiya a damuwarsa ko da hujjar da ya kawo ba ta tsaya ba. Waƙar da ikilisiya za ta rera tare daban take da waƙar da kai za ka tsaya ka rera mutane su saurara. Ta farkon dole tsohuwa mai shekara 70 da yaron makarantar Lahadi su iya kama amshinta, muryar kada ta hau inda ba za su kai ba, kuma kalmomin su fito fili. Na sha shiga sujada inda aka ƙure sifika, mai ganga na dukan kuge kamar zai fasa, jita na kuka, ka duba jama'a ka ga bakinsu a rufe sun zama 'yan kallo, to a nan kam an yi asara ko da kowane layi daga Zabura aka ciro shi. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14:26 a yi kome domin ginawa. Ƙungiyar Delirious ta Ingila, wadda ta faro daga taron matasan coci a wani ƙaramin gari Littlehampton a farkon shekarun 1990, ta nuna ana iya yin rok ɗin da dubban mutane za su rera tare, don sun sauƙaƙa amshi sun bar wa muryar jama'a wuri.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi. A'a, ba dole ba ne. Littafin Esta daga farko har ƙarshe bai ambaci sunan Allah ba ko sau ɗaya, amma hannunsa na cikin kowane babi. U2, ƙungiyar rok ta ƙasar Ireland, sun rufe albam ɗinsu War na 1983 da waƙar da suka ɗauko daga Zabura 40, shekaru suna rufe wasansu da ita, filin wasa cike da mutanen da ba sa zuwa coci suna rera kalmomin Dauda. 'Yan ƙungiyar Switchfoot ta San Diyego a Amurka sun daɗe suna cewa Kiristancinsu bangaskiya ce ba salon kiɗa ba, albam ɗinsu The Beautiful Letdown na 2003 ya sayar da sama da kofi miliyan 2, kuma jagoransu Jon Foreman yakan rubuta ne a kan mutuwa da ma'anar rayuwa da ƙishin da abin duniya ba ya kashewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan harkar shi ne waƙar da babu komai cikinta. A birnin Nashbil na Amurka inda manyan kamfanonin waƙar Kirista suke, har magana ake yi a kan sau nawa aka kira sunan Yesu a minti ɗaya, don gidajen rediyo sun fi son waƙa mai daɗi mai ƙarfafa zuciya wadda ba za ta tayar wa kowa da hankali ba, sai marubuta suka koma jera kalmomi iri ɗaya, nasara, albarka, ɗaukaka, a juya a maimaita. Mu ma nan mun kwaso wannan ciwon. Alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da makoki, Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare ba tare da an warware komai ba, kuma Allah ya bar su a littafinsa. Kai da ka fito daga kudancin Kaduna ka san mutanen da suka binne nasu suka bar gonakinsu, irin wannan nauyin jitar rok tana iya ɗaukarsa fiye da waƙa mai sanyi, idan har ka rubuta gaskiyar abin da idonka ya gani kuma ka kai kukan gaban Allah.

Kuma ka rubuta da Hausa ko da yarenku in ya fi zauna maka, Panam Percy Paul a Jos da Jeremiah Gyang da Solomon Lange duk sun ɗora bishara a kan kayan kiɗan zamani mutanenmu suka karɓa. Sai dai ka kula da tsawon wasali da karin harshe, ka fara faɗin layin da baki kamar kana hira, sannan ka nemo masa karin waƙa, kada ka matse kalma ta karkace don ta shiga bugun Bature.

Game da Baba kuwa, kada ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka rubuta kalmomin waƙar a takarda ka kai masa gida, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka roƙe shi ya karanta ya nuna maka inda ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, in ya yarda ka rera masa da jitar katako ba lantarki. In akwai gyara ka karɓa. In kuma har yanzu shugabanni ba su saki jiki da ita a sujadar safe ba, ka kai ta taron matasa ko daren waƙoƙi, ka kawo wata mai sauƙin amshi ranar Lahadi.