Akuyar Angora: Kasuwar gashinta na tafiya kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, na ga bidiyon wasu awaki masu dogon gashi fari kamar tumaki, wai gashin ake sayarwa. Da gaske akwai kuɗi a harkar? Zan iya kiwonsu a nan? Daga wani mai kiwo a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akuyar Angora kenan, asalinta yankin Ankara na Turkiyya, gashin kuma shi ake kira mohair, ana saƙa suwaita da kwat masu tsada da shi. Tun 1838 aka kai ta Afirka ta Kudu, yanzu wajen rabin mohair ɗin duniya daga can yake fitowa, yankin Karoo, sai Lesotho na biye. Sau biyu a shekara ake yi musu aski, kuma gashin ƙananan ya fi laushi ya fi kuɗi.

Kasuwar ta ɗan girgiza a 2018 da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta saki bidiyon yadda ake wulaƙanta awakin a wasu gonaki, kamfanonin tufafi na H&M da Zara suka ce za su daina saye, to shi ne a 2020 aka fito da ƙa'idar kula da dabbobin, yanzu manyan kamfanoni da dama sai sun ga satifiket na bin wannan ƙa'ida suke saye, fari, wato ƙarancin ruwan sama, kuma yana yawan takura makiyayan Karoo.

Kiwonta a nan kam ni ban ba ka shawara ba gaskiya. Ba ta jure ruwan sama bayan aski, ga tsutsar ciki da damina, ƙarangiya kuwa in ta shiga gashin nan ai shikenan, kuma wa zai saya a Katsina? Ka riƙe jar akuyarka ta Sakkwato, fatarta har Turai ake nema.